Tsibirin Zafi na Birane: Tarihin Ganowa da Bincike

Tsibirin zafi shi ne sunan da masana yanayi suka ba halin da birni kan shiga na fin ƙauyuka da gonakin da ke kewaye da shi zafi. Idan aka zana taswirar yanki, aka haɗa wuraren da zafinsu ya zo ɗaya da layi, sai birnin ya fito a tsakiya, layuka sun zagaye shi kamar yadda ake zana tsibiri a taswirar teku. Bambancin ya fi fitowa da dare, sa'o'i kaɗan bayan faɗuwar rana, idan sama ta washe kuma iska ta kwanta. Abin da ke jawo shi ya haɗa da kayan gini, ƙarancin itatuwa da ruwa, zafin da injuna ke fitarwa, da kuma tsarin tituna da tsayin gine-gine.

Kafin a fara aunawa

Magina sun san cewa siffar gari tana taɓa yanayinsa tun kafin a ƙera ma'aunin zafi. Vitruvius, masanin gini na Rum a ƙarni na farko kafin miladiyya, ya ba da shawarar a karkatar da titunan gari daga hanyar iska mai ƙarfi. Dokokin da Sarki Philip na Biyu na Sifaniya ya fitar a 1573 don gina garuruwa a nahiyar Amurka sun ce a faɗaɗa tituna a ƙasa mai sanyi, a matse su a ƙasa mai zafi. Tsofaffin garuruwan hamada da bakinta, irin su Ghadames a Libiya, Shibam a Yaman da Agadas a Nijar, an gina su da lunguna matsattsu da bangon ƙasa mai kauri, yadda kowane gida ke yi wa maƙwabcinsa inuwa. Sani ne na gado, ba a rubuta shi da lissafi ba.

Luke Howard da Landan

Wanda ya fara tabbatar da abin da alƙaluma shi ne Luke Howard (1772–1864), ɗan Ingila mai sana'ar haɗa magunguna, wanda binciken sama ya zame masa abin sha'awa. An fi saninsa da raɗa wa gajimare sunayen da ake amfani da su har yau. Howard yana auna zafi kullum a wajen gari, a Plaistow da Tottenham, sai ya kwatanta alƙalumansa da na ƙungiyar masana ta Royal Society da ake ɗauka a tsakiyar Landan. Ya ga matsakaicin na cikin gari yana sama. Ya gane cewa birnin ne da kansa yake ƙara zafin, har ya ce bai kamata a ɗauki ma'aunin cikin gari a matsayin ainihin yanayin yankin ba.

Ya buga sakamakon a littafinsa The Climate of London, juzu'i biyu a 1818 da 1820, sannan ya faɗaɗa shi a 1833. A lissafinsa daren Landan ya fi na karkara zafi da kusan digiri 2 a ma'aunin Salshiyas, da rana kuwa birnin ya ɗan fi sanyi, abin da ya danganta da hayaƙin da ke tare hasken rana. Dalilan da ya kawo sun haɗa da kwal da ake ƙonawa, cunkoson mutane da dabbobi, gine-ginen da ke tare iska, bangayen da ke mayar wa juna zafi, da saurin bushewar ƙasar birni. Abin mamaki ne yadda mutum ɗaya, da 'yan ma'aunai a bayan gidansa, ya ambato kusan duk dalilan da bincike na zamani ya zo ya tabbatar. Émilien Renou ya yi irin wannan kwatanci a Faris a tsakiyar ƙarni na 19.

Ma'auni a kan mota

Tasha biyu ko uku ba su isa a ga siffar tsibirin ba. A shekarun 1920 Wilhelm Schmidt ya ɗaura ma'auni a jikin mota ya riƙa ratsa birnin Biyana, aka fara samun taswirar zafi unguwa-unguwa. A 1937 Albert Kratzer, wani malamin coci a Jamus, ya tattara binciken da aka yi zuwa lokacin a littafinsa Das Stadtklima, na farko da aka keɓe wa yanayin birni. Tony Chandler ya sake auna Landan da mota, ya fitar da littafi a 1965 da sunan da Howard ya ba nasa.

Siffar titi

Babban ci gaba ya zo ta hannun Tim Oke a Kanada. A 1973 ya nuna cewa ƙarfin tsibirin yana ƙaruwa da yawan jama'a, yana iya kai digiri 12 a manyan biranen Amurka ta Arewa, kusan 8 a na Turai, a daren da yanayi ya fi dacewa. Amma yawan mutane alama ce kawai. A 1981 ya gwada da ƙananan samfuran gine-gine, ya nuna cewa abin da ya fi tasiri shi ne tsayin gini idan aka auna shi da faɗin titi, wato yawan sararin samaniyar da mutum zai iya gani idan ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga kai.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Da rana kwalta da siminti da bulo suna shan zafi su adana. Da dare kowane abu yana sanyaya ne ta hanyar sakin zafinsa zuwa sama. Gona a fili tana fuskantar sama gaba ɗaya, don haka tana hucewa da wuri. Titin da dogayen benaye suka saka a tsakiya kuwa tsirin sama kawai yake gani, zafin da wannan bango ya saki wancan ne yake karɓa, iska ma ba ta samun hanyar kwashe shi.

A nan ne maganar ta zama mai fuska biyu. Matsattsen titin da ke riƙe zafi da dare shi ne ke ba da inuwa da rana. A ƙasa mai ƙunar rana, inuwar ta fi riba, musamman idan ginin ƙasa ne mai jinkirin ɗaukar zafi. A yankunan hamada ma an sha auna birni ya fi kewayensa sanyi da rana, saboda inuwa da lambunan da ake ba ruwa, sai dare ya yi abin ya juya. Saboda haka babu tsari guda da zai dace da kowane gari. A 2012 Oke da Iain Stewart sun kasa wurare gida 17 bisa tsayin gini, cunkoso da abin da ya rufe ƙasa, domin rabon "birni" da "ƙauye" kawai ya yi faɗi da yawa ga mai kwatanci.

Daga littafi zuwa tsara gari

Masu tsara birane sun daɗe ba su kula da wannan ilimi ba. Stuttgart ta Jamus ce ta fita daban. Birnin yana cikin kwari, iska ba ta kai masa sosai, don haka majalisarsa ta ɗauki masanin yanayi aiki tun 1938. Aka gano hanyoyin da iska mai sanyi ke bi da dare tana gangarowa daga dazuzzuka da gonakin inabi na kan tuddai, aka hana gini a kansu. Hong Kong ta shigo da dokar duba zirga-zirgar iska a manyan ayyukan gwamnati a 2006, bayan annobar SARS ta 2003.

Sauran wurare sai da aka yi asarar rayuka. Zafin Yulin 1995 ya kashe mutum fiye da 700 a Shikago, yawancinsu tsofaffi masu zaman kaɗaici a unguwannin talakawa. A Agustan 2003 Faransa ta yi rashin kusan mutum 15,000. A Faris dare ya ƙi yin sanyi, waɗanda ke ɗakunan ƙarshe na benaye, ƙarƙashin rufin kwano, suna cikin waɗanda abin ya fi ci. Ahmedabad ta Indiya ta rasa fiye da mutum 1,300 a Mayun 2010, ta fitar da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya aka haɗa da shafa wa rufin gidaje farin fenti. Wani bincike na 2020 a birane 108 na Amurka ya gano cewa unguwannin da aka hana bashin gida a shekarun 1930, galibi na baƙar fata, sun fi waɗanda aka fifita zafin ƙasa da kimanin digiri 2.6. Itace da inuwa ma bin arziki suke yi. A 2021 Freetown ta Saliyo ta naɗa Eugenia Kargbo jami'ar kula da zafi, ta farko a Afirka.

A ƙasar Hausa

Tsohon birnin Kano da na Damagaram suna kan tsarin lungu, soro, rufin azara da tsakar gida. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini suna tara ruwan damina a cikin unguwa. Turawan mulki sun zo Kano da wani tsari dabam: dokar garuruwa ta Lugard ta 1917 da ƙa'idar barin fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, don tsoron zazzaɓin sauro. Unguwannin Turawan, wato GRA, suka tashi da manyan filaye da itatuwa, har yau kuma mai shiga cikinsu a watan Afrilu yana jin bambanci a jikinsa. Unguwannin da suka biyo baya da bulon siminti da rufin kwano sun gaji matsin tsohon gari ba tare da kaurin bangonsa ba, an cike kududdufai da yawa an yi gini a kai, ga janareta da na'urar sanyaya ɗaki suna huro zafi cikin lungu. Tashoshin auna yanayi kuwa galibi a filayen jirgin sama suke, a buɗaɗɗen wuri, don haka adadin da ake faɗa a rediyo ba shi ne zafin da ke cikin Kasuwar Kurmi ko ɗakin kwano a unguwar Kurna ta Kano ba.