Saurin sauka da tashi a atisayen tsuguno: yadda yake shafar ƙarfin mai ɗaga ƙarfe

Tsuguno da nauyi a kafaɗa, wanda masu zuwa gidajen motsa jiki ke kira sukwat, yana cikin manyan atisayen gina ƙarfi, domin yana sa tsokokin cinya da na mazaunai da na baya aiki a lokaci guda. Yawancin masu yinsa kan mai da hankali ne kan yawan kilo da kuma sau nawa suka tsuguna. Sai dai akwai abu na uku da ke sauya sakamakon atisayen, wato yawan daƙiƙun da mutum ke ɗauka wajen sauka da tashi.

Masu horarwa na rubuta wannan awo da alamomi huɗu, tsarin da Ian King na Ostareliya da Charles Poliquin na Kanada suka yaɗa a shekarun 1990. Idan an rubuta 3-1-X-0, ana nufin daƙiƙa uku wajen sauka, daƙiƙa ɗaya a tsugune, tashi da iyakar saurin da mutum zai iya, sannan babu hutu a sama kafin a sake sauka.

Abin da ke faruwa a ƙasan tsugunon

Lokacin da mutum ke sauka, tsokoki da jijiyoyin da suka haɗa su da ƙashi suna miƙewa kamar robar gwafa, suna tara ƙarfi. Idan ya juya ya tashi nan take, ƙarfin da aka tara yakan taimaka masa wajen tashin. Idan kuwa ya dakata, ƙarfin yakan zurare. Wani bincike da Greg Wilson da abokan aikinsa suka gudanar a Ostareliya, aka wallafa a 1991, kan tura ƙarfe daga ƙirji, ya nuna cewa rabin wannan taimako na ɓacewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kuma bayan daƙiƙa huɗu kusan babu sauransa. Shi ya sa wanda ke tsayawa a ƙasa ba ya iya ɗaga nauyin da yake ɗagawa idan bai tsaya ba.

Wannan ba aibi ba ne ga tsayawar. Masu gasa da yawa kan yi ta da gangan, domin ta tilasta wa tsoka tayar da nauyin ba tare da tallafin jijiya ba, ta kuma ƙarfafa mutum a wurin da ya fi maƙalewa, wato jim kaɗan bayan ya baro ƙasa. A gasa kuwa, dokar Hukumar Ɗaga Ƙarfe ta Duniya, IPF, ba ta buƙaci tsayawa ba. Abin da ta gindaya shi ne saman cinya daga wajen ƙugu ya sauka ƙasa da saman gwiwa, kuma ta haramta yin tsalle sau biyu a ƙasa don neman ƙarfin tashi.

Sauka a hankali na da nata farashin. Tsoka ta fi ƙarfi wajen sauke nauyi fiye da ɗaga shi, amma idan saukar ta kai daƙiƙa biyar ko shida, gajiya kan riga mutum isa ƙasa, sai yawan tsugunon da zai iya yi ya ragu. Saukar ce kuma ta fi haddasa tsamin jikin da ke tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan atisaye.

Tashi: niyya ta fi abin da ido ke gani

A nan ne hujjoji suka fi ƙarfi. A 2014, Fernando Pareja-Blanco da abokan aikinsa a birnin Sevilla na Sifaniya sun raba matasa gida biyu, suka horar da su tsuguno na mako shida da nauyi iri ɗaya. Rukuni ɗaya na tashi da iyakar sauri, ɗayan kuma da rabin wannan saurin da gangan. Masu saurin sun fi samun ƙarin ƙarfi, tsallensu ma ya fi ƙaruwa. Tun a 1993 David Behm da Digby Sale suka nuna a Kanada cewa ƙoƙarin yin motsi da sauri shi ne ke horar da jiki, ko da kuwa gaɓar ba ta motsa da saurin ba. Ƙarfe mai nauyi dole ya tashi a hankali. Abin da ake so shi ne mai ɗagawa ya tura shi kamar zai jefa shi sama.

Raguwar sauri ma ma'auni ce. A wani binciken na 2017, masu binciken na Sevilla sun kwatanta waɗanda ke dakatawa da zarar saurin tashinsu ya ragu da kashi 20 cikin 100 da waɗanda ke ci gaba har ya ragu da kashi 40. Bayan mako takwas ƙarfin ɓangarorin biyu ya ƙaru kusan daidai, duk da cewa na farkon sun yi tsuguno kaɗan ne idan aka kwatanta. Su ne kuma suka fi ci gaba a tsalle, yayin da na biyun suka fi samun kaurin cinya. Ga ɗan ƙwallo ko ɗan dambe, wanda ke neman zafin nama, darasin a fili yake: ba sai ya kai kansa ga galabaita ba.

Game da kaurin tsoka kuwa, saurin bai da tasirin da ake yawan ba shi. Nazarin da Brad Schoenfeld da abokansa suka wallafa a mujallar Sports Medicine a 2015 ya gano cewa tsoka na girma kusan daidai ko motsi ɗaya ya ɗauki rabin daƙiƙa ko ya kai daƙiƙa takwas, muddin an yi aikin har an gaji. Jan lokaci fiye da daƙiƙa goma shi ne ya nuna alamar gazawa, saboda dole a rage nauyin sosai kafin a iya jure shi.

Sabon shiga shi ne ya fi cin moriyar sauka a hankali. Daƙiƙa biyu zuwa uku kan ba shi damar lura da ko diddigensa na ɗagawa daga ƙasa, ko gwiwoyinsa na karkatowa ciki, ko bayansa na lanƙwashewa. Haka ma wanda nauyinsa ba shi da yawa, kamar matasan da ke haɗa nasu da siminti da bututun ƙarfe a unguwanni, zai iya ƙara wa atisayen wuya ta hanyar jinkirta sauka da tsayawa a ƙasa ba tare da ƙara kilo ko ɗaya ba. Abin gudu shi ne faɗawa ƙasa babu iko, a bar gwiwa da ƙashin baya su tare nauyin.

Mai hawan jini ya kamata ya tuntuɓi likita kafin ya fara, domin riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi na ɗaga jini sosai, kuma jan lokacin motsi na iya tsawaita riƙon. Wanda ya ga fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi bayan atisaye mai tsanani, tare da kumburi da ciwon cinya, ya garzaya asibiti, don alama ce ta rugujewar tsoka da ka iya taɓa ƙoda.