Ruwan Taurari na Lirid

Lirid zubowar taurari ce da ake gani kowace shekara a watan Afrilu, ta fi yawa wajen ranar 22. A gaskiya ba taurari ba ne, ɓurɓushin ƙura ne da tauraruwa mai wutsiya Thatcher, wadda aka gano a 1861, ta bari a hanyarta. Idan duniya ta ratsa wurin, sai ƙurar ta ƙone a sararin sama. Tun shekara ta 687 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Sin suka rubuta labarin Lirid.

Masu sha'awa ba sa buƙatar na'urar hangen nesa, ido ya wadatar. A nisanci fitilun gari, a jira daga tsakar dare zuwa asuba. In babu farin wata, akan ga goma zuwa ashirin cikin awa ɗaya.