Wa Ke Kwance a Hanyar Yariko? Sake Nazarin Misalin Basamariye

Misalin Basamariye mai tausayi, wanda ke Bisharar Luka 10:25-37, yana cikin nassoshin da masu bi suka fi sabawa da su a majami'un da ke sujada da Hausa. A ECWA da COCIN tun daga makarantar Lahadi yaro ke jin sa, Katolika kuwa suna karanta shi a watan Yuli sau ɗaya cikin shekara uku. Wa'azin da ke biyo baya kusan kullum hanya ɗaya yake bi: a ɗora mai sauraro a matsayin Basamariyen, a gargaɗe shi ya taimaki mabukaci. Wannan fassara ba kuskure ba ce, tunda da umarnin aikata haka Yesu ya rufe zancen. Sai dai tana cire wa misalin kaifinsa, domin waɗanda aka fara faɗa wa labarin ba za su taɓa ganin kansu a jikin Basamariye ba.

Yahudawa ne ke sauraro, gabarsu da Samariyawa kuwa ta daɗe. Samariyawa sun riƙe littattafan Musa biyar kaɗai, suna kuma sujada a Dutsen Gerizim maimakon Urushalima. A ƙarshen ƙarni na biyu kafin haihuwar Almasihu, shugaban Yahudawa Yohanna Hirkanus ya rushe haikalinsu. Luka da kansa ya share fage a sura ta 9, inda wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da Yesu, har Yakubu da Yohanna suka nemi izinin kiran wuta daga sama ta cinye shi. Bayahuden da ya ji an ce wani mutum ya taso daga Urushalima zuwa Yariko, tafiyar kilomita 27 mai gangaren kusan mita 1,000 cikin duwatsun da 'yan fashi ke fakewa, kansa zai gani a wannan matafiyi. Shi aka tuɓe, shi aka bari rai a hannun Allah, firist da Balawen da yake ɗauka nasa ne suka ratse ta gefe. Wanda ya sunkuya kansa, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukansa, ya biya dinari biyu a masauki, wato ladan ƙwadagon kwana biyu, shi ne mutumin da aka rene shi a kan ƙyamarsa.

Masu wa'azi kan nema wa firist ɗin uzuri da dokar tsarki ta Littafin Firistoci sura 21, wadda ta hana shi taɓa gawa. Malamar Sabon Alkawari Amy-Jill Levine, wadda Bayahudiya ce, ta yi watsi da wannan: firist ɗin gangarowa yake daga Urushalima, ba hidimar haikali za shi ba, kuma koyarwar Yahudawa ta fifita ceton rai da binne gawar da ba ta da kowa. Luka bai ba shi dalili ba, bai kamata mu ƙirƙira masa ba.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Mutumin tsirara yake, ba ya iya magana, don haka ba tufa ba harshe da za a gane ko shi ɗan wane gida ne. Duk wanda ya san yadda aka riƙa tare hanya a rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, ana tantance mutum da sunansa ko shigarsa, ya san nauyin wannan. Bayan waɗannan rikice-rikice unguwanni sun rabu bisa addini, har maƙwabci ya koma wanda kuke ibada tare kawai, wato iyakar da masanin Attauran da ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa ya so a shata masa.

A watan Yunin 2018, lokacin da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutum fiye da 200, akasarinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa, ya tsaya ya ƙi miƙa su. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Ga mai bin da ke Filato, wannan shi ne misalin a yadda aka fara jin sa: yana kwance, ceto kuma ya zo daga ɓangaren da bai zata ba.

Za a iya cewa liman ɗaya ba ya goge jinin da aka zubar, kuma tsoron masu bi ba na banza ba ne. Haka ne, misalin ma bai musanta cewa akwai 'yan fashi a hanya ba, bai kuma ce duk Basamariye mutumin kirki ne ba. Abin da ya hana shi ne a yanke wa mutum hukunci tun kafin ya iso. Da wuya zuciya ta karɓi hakan: ko masanin Attauran, da aka tambaye shi wane ne cikin ukun ya zama maƙwabci, ya amsa daidai, amma ya kauce wa furta sunan Basamariyen, sai da aikinsa ya kwatanta shi.