Tsakanin Tambari da Na'ura: Waiwaye Kan Tsarin Hawan Daba

1.0 Gabatarwa

A bikin buɗe wasannin Olamfik na Tokiyo a 2021, jirage marasa matuƙa 1,824 ne suka zana siffar duniya a sararin sama bisa umurnin kwamfuta. A na Beijin kuwa, a 2008, makaɗa 2,008 ne suka buga ganguna tamkar hannu guda. Wannan maƙala za ta waiwayi yadda Hausawa suka daɗe suna daidaita irin wannan taro ba da na'ura ba.

2.0 Tarihin Hawan

Littafin Tarihin Kano ya sanya kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya ƙago. Da Turawa suka zo, sai suka mayar da hawan Sallah bikin tarbar manyan baƙi, kamar na Kano a 1925 don Yariman Ingila, da na Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth. A 1977 kuma aka yi gagarumin hawa a Kaduna albarkacin bikin FESTAC, inda masarautu daban-daban suka haɗu a fili ɗaya.

3.0 Sirrin Daidaito

Abin tambaya shi ne, mene ne ke tsara wannan runduna? Amsar ita ce kunne. Kowane basarake yana da takensa, wanda da jin sa mutanensa sun san layinsu ya zo. Tambari da kakaki na sarki ne shi kaɗai, ƙarar 'yan bindiga kuma ta shaida motsawarsa. A wurin jafi, mahaya kan sukwano a jere, su ja linzami gab da sarki, su ɗaga hannu a tare. Ko a nan Jalingo, fadar Muri, mai lura zai ga cewa maroƙi da makaɗi su ne agogon mahayi.

4.0 Kammalawa

Na'ura ba ta mantuwa, domin umurninta a rubuce yake. Take da kirari kuwa a kan mutane suke, duk tsohon makaɗin da ya kwanta dama bai bar magaji ba, ya tafi da nasa. Saboda haka wajibi ne manazarta harshe su tattara su tun masu su na raye, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.