Burtalin Da Muka Gada

A shekarar 1965, zamanin Sardauna, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe dazuzzukan kiwo. Tun kafin ita iyayenmu sun san haƙƙin burtali: manomi ba ya shuka a kansa, Bafulatani kuma yakan sauka gona bayan girbi ya bar taki. Sai dai yawancin dazuzzukan nan ba a tabbatar da iyakokinsu a hukumance ba, gonaki da gidaje suka cinye su. Wasunmu mazauna birni ma mun sayi fili a ciki. Binuwai ta haramta kiwon sake a 2017, a 2024 kuma Majalisar Dattawa ta yi muhawara kan ƙudurin killace dabbobi. To, a wane filin za a killace shanun garinmu?