Ka sayi sabuwar gona a ƙasar Madarunfa? Ga yadda ake tsara ta, da abin da doka ta ce kan naman daji

Sayen gona ya yawaita a ƙasar Madarunfa, tun daga Safo da Sarkin Yamma har Gabi, Ɗan Issa da Jirataua. Da yawa cikin masu sayen ƴan'uwanmu ne da ke ci-rani ko zaune a waje, su aiko da kuɗɗi a saya musu hili. Wasunsu sun ga yadda a Amurka mutum kan sayi gona takanas don ya riƙa harbin barewa a ciki, har suna tambaya ko za a iya haka a gida. Amsar a taƙaice: a Nijar kuɗɗinka sun saya maka ƙasa, amma naman dajin da ke ratsa ta dukiyar al'umma ce, doka ke tsaron shi. Sai dai tsarin da ke maido da zomo da fakara cikin gona shi ne kuma ke gyara ƙasa ya ƙara amfani. Ga matakan bi da bi.

Da farko, takarda da iyaka

Kafin ka kafa ko da turke ɗaya, ka tabbatar cinikin ya zauna. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ita ce tushen hukumomin kula da filaye: COFOB a ƙauye, inda mai gari ke shugabanta, COFOCOM a kwamin, COFODEP a matakin gunduma. Wurinsu ake samun takardar shaidar saye. A taka iyaka gaban maƙwabtan gonar duka huɗu, a kuma bincika ko gonar gado ce, domin in magaji guda ya sayar ba da sanin sauran ba, rigima na jiran ka. Kai da ke waje, gani ya kori ji: ka sa a aiko maka da hoton takardar, ka duba sunan wa aka rubuta.

A auna hilin da mita. Eka guda mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. Wanda bai san yawan gonarsa ba, ba zai san yawan iri da takin da take ci ba.

Burtali da mashaya

Ka tambaya ko burtali ya ratsa kusa, ko akwai mashayar dabbobi. Dokar makiyaya ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta kare waɗannan hanyoyi, noma cikinsu laifi ne ko da wanda ya sayar maka ya ce nashi ne. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Toda cikin Oktoban 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Ka tuna kuma cewa bayan girbi hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki ga dabbobi. Abin da kake so ya tsira da rani, kamar rogo ko ƙananan itatuwa, sai ka kewaye shi.

Ka san ƙasarka

Ka zagaya gonar sau biyu, da rani da kuma bayan ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake zaizaye ƙasa. Jigawa ta hatsi ce da wake da gujiya. Geza mai tauri ta fi son dawa, kuma ita ce ake yi wa tassa ko rabin wata don ta riƙe ruwa. Fadama, irin ta bakin Gulbin Maraɗi, ta lambu ce da zogale. Wurin da ya fi rashin kyau, tudu mai tsakuwa ko bakin kwazazzabo, kar ka wahal da kanka da shuka: shi za ka bar wa daji.

Itatuwa su ne ƙashin bayan tsarin

Sassabin zamani a nan jiharmu ya tashi. Tun wajen 1983 wani ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman Maraɗi suka nuna cewa kututturen da ake sarewa kowace shekara yana da rai. In ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi ka bar su, ka datse sauran, cikin ƴan shekaru sun zama itace. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya eka miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar.

Cikin gonar hatsi ka fifita gawo. Yana zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne shuka, ganyen ya zama taki, ƴaƴan kuma abincin dabbobi ne da rani. Kalgo da sabara na tare yashi da iska. Aduwa, magarya da kanya na ba da ƴaƴa ga mutane da tsuntsaye. A gefen gabas da arewa, inda iskar hadari da hunturu ke fitowa, ka jera bedi ko bagaruwa su zama kariya, kamar yadda aka yi a kwarin Majiya ta jihar Tawa tun 1975. Bedi kam a bakin iyaka kawai, don inuwarsa na da nauyi. A kan iyakar kanta ka dasa gamba ko aguwa: iyaka ce mai rai da ba a tumɓukewa da dare, gambar kuma ka yanka ka yi zana.

Kusurwar daji

Naman daji abu uku yake nema: maɓoya, abinci da ruwa. Ka ware kusurwa guda nesa da hanya da bukkar mai gadi, ka bar ciyawa da sarƙaƙƙiya, ka haɗa ta da layin gamba na kan iyaka yadda dabba za ta bi ba tare da ta fito sarari ba. Ka share hili kewaye da ita bayan damina saboda gobara. In akwai rijiya, ƙaramin kwami a ƙasa ya isa tsuntsaye su sha. Ka yi hattara da maganin ƙwari kusa da wurin, domin fakara da zabon daji fara da tsutsa suke ci, aiki suke yi maka.

Waɗanda za ka fara gani su ne zomo, kurege, bushiya, fakara da zabon daji. Barewa kuwa tana son fili mai faɗi da ƙarancin mutane. Eka uku ko biyar tsakiyar gonaki ba su riƙe ta. Mai son ganin ta a jiharmu sai ya nufi gandun Gadabeji a arewa, wanda aka keɓe tun 1955, inda a 2018 aka kai raƙuman dawa takwas daga yankin Kure. Dattawanmu sun ga giwaye na kai da komo tsakanin dajin Baban Rafi da dajin Rugu na jihar Katsina. Yau sai labari.

Abin da dokar farauta ta ce

Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ce ke tsara farauta a Nijar. Ana farauta ne da takardar izini, cikin lokacin da hukuma ta buɗe. An hana farautar dare, da fitila ko babu. An hana kora da wuta, sa guba, da harbi daga mota ko babur. Giwa, raƙumin dawa da jimina na cikin waɗanda ba a taɓawa ko kaɗan. Tsare naman daji a gida ko kiwon shi ma sai da izini. Gandun dajin gwamnati da ke Madarunfa ba wurin farauta ba ne, tafkin kuma tun 2019 ya shiga jerin Ramsar na wuraren ruwa masu daraja a duniya, saboda tsuntsayen da ke sauka a bakinsa.

Ga kuma halin da ake ciki a ƙauyukan kan iyaka, inda ɓarayin mutane da na shanu suka addabi jama'a. Wanda aka gani da bindiga cikin daji, ba a tsayawa tambayar shi ko maharbi ne. Bindiga ita ma takardarta daban.

Don haka kafin damina, ka leƙa ofishin ma'aikatan gandun daji na kwamin ɗinka. Su za su gaya maka itatuwan da ba a sarewa sai da izini, da lokacin da farauta ke buɗe. Kai kuma da ke waje, in za ka aiko da kuɗɗin noma bana, ka ware na takarda da na shingen iyaka tun kafin na taki. Allah ya ba mu damina mai albarka.