Maƙalun Bernard Fisher da Hatimin da Aka Buga Musu

Duk wanda ya koyi aikin fiɗa a ƙarnin da ya shige, ko a Ingila, ko a Amurka, ko a asibitocin koyarwa na ƙasarmu, idan aka zo babin sankarar mama, sunan da zai fara ji daga bakin malaminsa shi ne William Halsted na asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimore, wanda a 1894 ya wallafa bayanin mata 50 da ya yi wa aiki, ya kafa mazhabar da ta yi sarauta kusan shekara 80. Fahimtarsa ita ce ciwon yana tafiya daki-daki, daga nono zuwa kaluluwar hammata, daga can kuma zuwa sauran jiki, saboda haka likitan da ya yanka da faɗi shi ne zai sha gabansa. A bisa wannan aka riƙa cire nono ɗungurungum, a haɗa da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata, mace ta farfaɗo da ƙirji a lotse, hannu kuma sau da yawa ya kumbura har iyakar rayuwarta. Likitoci kuwa suka riƙe wannan aiki riƙon taƙalidi, almajiri ya karɓa daga malami, shekaru da yawa ba tare da an gwada shi da waninsa a kan mizani guda ba.

Mutumin da ya kawo mizanin shi ne Bernard Fisher, haifaffen Pittsburgh a 1918, wanda ya shafe shekaru shi da ƙanensa Edwin, masanin binciken ƙwayoyin cuta a naman jiki, suna gwaji a kan ɓeraye, har suka gamsu cewa ƙwayoyin sankara sukan shiga jini tun da wuri, kuma kaluluwa ba shinge ba ce da ke tsare su. In haka ne, to, abin da ke kashe mace shi ne abin da ya riga ya watsu a ɓoye, kuma ƙara faɗin yanka ba zai ƙara mata kwana ba. Da ya zama shugaban ƙungiyar bincike ta NSABP a 1967, sai ya nemi likitocin asibitoci da yawa na Amurka da Kanada su yarda ƙuri'a ta zaɓa wa kowace mara lafiya irin aikin da za a yi mata, wanda kuwa ya san girman kan likitan fiɗa na wancan zamani ya san cewa wannan buƙata ta fi kowace nauyi, domin ma'anarta ya amsa a gaban jama'a cewa bai san wanda ya fi ba.

Gwajin da ake kira B-04 ya fara a 1971, da mata 1,665, aka auna aikin Halsted da cire nono kaɗai, ba a ga bambanci a yawan waɗanda suka rayu ba. Na biye da shi, B-06, ya fara a 1976, aka raba mata masu ƙullutun da bai wuce santimita 4 ba kashi uku: waɗanda aka cire wa nono, da waɗanda aka cire wa ƙullutun kaɗai, da waɗanda aka cire wa ƙullutun aka kuma yi musu gashin haske. A watan Maris na 1985 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon gwaje-gwajen biyu, a shekarar ne kuma aka ba shi lambar yabo ta Lasker, zuwa 1990 taron masana na hukumar lafiya ta Amurka ya yanke cewa barin nono ga mafi yawan matan da ciwonsu bai yi nisa ba shi ne ya fi dacewa.

Maƙalun da sunan Fisher yake kansu sun haura 600, amma mu da muke cikin sana'ar mun san cewa ba a yawansu nauyin yake ba, yana cikin 'yan ƙalilan ne da kowane mai rubutu a kan wannan ciwo ya zama tilas ya ratsa ta kansu. Tun 1964, lokacin da Eugene Garfield ya fito da fihirisar da ke ƙirga sau nawa aka kafa hujja da kowace maƙala, jami'o'i suka sami ma'aunin da suke ɗaukaka malami da shi, daga baya kuma a 2005 Jorge Hirsch ya dunƙule lissafin ya zama lamba ɗaya tak da ake liƙa wa mutum. Ambaton maƙala a gindin maƙala isnadi ne, wane ya ruwaito daga wane, kuma malaman hadisi sun riga kowa sanin cewa yawan masu ruwaya abu ne daban, ingancin mazajen da ke cikin silsila kuma abu ne daban. Ƙirga ba ta bambanta wanda ya ambace ka don ya yarda da kai da wanda ya ambace ka don ya yi maka raddi. Ba ta kuma yi wa magabata adalci: Geoffrey Keynes na Landan ya bar wa mata nononsu tun shekarun 1930, George Crile na Cleveland ya yi ta jayayya da mazhabar Halsted tun kafin a saurari Fisher, amma da yake babu ƙuri'a a aikinsu, rabonsu a fihirisa kaɗan ne.

Sai jarrabawa ta zo ta inda ba a zata ba. A 1990 ma'aikatan ofishin ƙididdiga na ƙungiyar suka lura da saɓani a takardun da ke zuwa daga asibitin Saint-Luc na Montreal, bincike kuma ya nuna cewa likita Roger Poisson ya sauya kwanan wata da wasu bayanai na mata 99, galibi don su cika sharuɗɗan shiga gwaji. Ƙungiyar ta kai rahoto ga hukuma a farkon 1991, aka sake lissafi a cikin gida aka ga sakamako bai motsa ba, amma ba a wallafa wannan ba, jama'a kuwa ba su ji komai ba sai a watan Maris na 1994, da jaridar Chicago Tribune ta fasa ƙwai. A nan, a ganina, Fisher yana da laifinsa, domin matar da ta bar nononta bisa amanar maƙalarsa tana da haƙƙin ta ji daga bakinsa, ba daga ɗan jarida ba, kuma shekara uku jinkiri ne mai tsawo ga wadda take kwana tana shafa ƙirjinta.

Amma hukuncin da ya biyo baya ya wuce laifin nesa ba kusa ba. Aka tuɓe Fisher daga shugabanci, aka kira shi gaban kwamitin John Dingell a Majalisar Wakilai ta Amurka, sa'an nan aka yi abin da ya fi kowanne ciwo ga mai ilimi: a cikin Medline, wato fihirisar da likitocin duniya duka suke duba maƙalu, aka buga wa maƙalunsa 148 hatimin cewa akwai maguɗin ilimi a cikinsu, har da waɗanda ko mara lafiya ɗaya ta Poisson babu a ciki, alhali kuwa ba a tabbatar wa Fisher kansa da wani maguɗi ba. An yi masa jarhi tun kafin a saurari shaidu, kuma ba a cire hatimin ba sai bayan da ya shigar da ƙara. A 1995 aka buga sabon lissafi na B-06 bayan an fitar da dukan matan Saint-Luc, amsa ta fito yadda take. A 1997 hukumar binciken maguɗi ta wanke shi, jami'ar Pittsburgh ta ba shi haƙuri, aka biya shi diyyar dala miliyan 2.75.

Abin da ya tsamar da aikin, in aka duba da idon basira, shi ne cewa ruwayar ba ta rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Asibitoci masu yawa ne suka kawo matan, ana iya cire guda a sake ƙirga, ga kuma Umberto Veronesi a birnin Milan na Italiya ya bi tasa hanyar dabam ya isa wuri ɗaya tun 1981. A watan Oktoba na 2002 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon shekara 20 na Fisher da na Veronesi a fitowa guda, su biyun suna gaskata juna, kuma maƙalar Fisher ta wannan rana an kafa hujja da ita sau dubbai. Kafin nan ma, a 1998, Fisher ya fitar da gwajin tamoxifen a kan mata fiye da 13,000 masu haɗarin kamuwa, inda maganin ya rage aukuwar ciwon da kusan rabi. Ya rasu a 2019 yana da shekara 101.

Akwai dai wata jimla a maƙalar 2002 da masu ambato sukan tsallake, musamman matasan likitocinmu masu ɗokin cika gindin takarda da manyan sunaye. A cikin matan da aka cire wa ƙullutu aka yi musu gashi, ciwon ya dawo a nonon ga kashi 14.3 cikin 100. A cikin waɗanda ba a yi wa gashi ba, ya dawo ga kashi 39.2. Sharaɗin barin nono, ke nan, shi ne ƙullutu ƙarami, da yanka mai tsabtar gefe, da na'urar gashi mai aiki wadda mara lafiya za ta iya zuwa gare ta makonni a jere. A ƙasar Hausa, inda mata da yawa ba sa isowa asibiti sai ƙullutu ya fashe, inda kuma na'urorin gashi ba su taka kara sun karya ba, likitan da ya auna waɗannan sharuɗɗa ya ga ba su cika ba, ya cire nono duka ya bar tsokar ƙirji, da hujjar B-04 ya yi aiki, ko da bai rubuta sunan Fisher a ko'ina ba.